Kwanon Haƙoran Illo

Ranar da Illo ya yanke shawarar raba tsofaffin Maraɗi da kewaye da wahalar wawulo, bai nemi shawarar kowa ba, har da likitar da za ta yi aikin. Shi dai ya duba abin sama da ƙasa, ya ga bai fi ƙarfinsa ba.

Illo tsohon ɗan kamasho ne a tashar motocin Tsibiri, gidansa kuma a Sabon Garin Maraɗi yake. Mutum ne da ba a taɓa ambatar wani aiki a gabansa ya ce bai iya ba. In ana zancen ginin rijiya, ya taɓa ginawa. In ana zancen jirgin sama, saura kaɗan ya tuƙa. Haƙoransa sun tafi ɗaya bayan ɗaya, wasu shayi mai sukari ya cinye su, wasu kuma shi ya kashe su da kansa wajen buɗe kwalbar lemo don mutane su gani. Da suka ƙare aka yi masa na roba. Na sama ya zauna lafiya, na ƙasa kuwa ya zama ɗan yawo. In Illo ya ɗaga murya yana kiran fasinja, wani lokaci haƙoran kan riga fasinjan shiga mota.

Wani ɗan ƙanwarsa mai fataucin hatsi ya gaji da jin labarin, ya kai shi kilinik ɗin wata likitar haƙori mai suna Salima. Ta ɗauki hoton ƙashin muƙamuƙinsa, ta auna jininsa, ta kashe wurin da allura, ta dasa masa ƙusoshin ƙarfe biyu a ƙashin ƙasa. Ta ce ya yi haƙuri da kunu da fate har ƙashi ya kama ƙarfen, abin da ya ɗauki watanni. Bayan nan ta karɓi haƙoran robansa ta shiga ɗakin ciki, ta yi musu gurbi biyu, ta dawo ta ɗora su a kan ƙusoshin ta danna. Suka ce ƙas, kamar maɓallin riga. Daga ranar ba su sake motsi ba sai in shi ya ciro su don wankewa.

Watannin kunu Illo ya manta da su. Hoton ƙashi da awon jini ma sun fita daga kansa. Abin da ya riƙe kawai shi ne an shiga da haƙora ɗakin ciki, an fito, an ce ƙas.

A tasha kuwa kowa ya ji jiki. Illo ya ci kilishi a gaban jama'a, ya ci aya, ya ɓare rake da baki, ya tauna ƙashin kaza har mai kazar ya ce ya bar wa karnuka wani abu. Kowane baƙo ya sauka daga mota sai an ciro masa haƙoran an mayar. Ya riƙa ba da labarin cewa likitar ma da shawararsa ta yi aikin, wai ta kan tsaya ta tambaye shi ko nan za ta sa ko can. Wani direba ya tambaya yaya aka yi ya amsa mata alhali bakinsa a buɗe yake cike da auduga. Illo ya ce da gira.

Shirin da ya tsara ga shi. Zai bi gida gida ya tattaro haƙoran roban duk wanda nasa ke motsi, ya kai wa likita a yi musu gurbi gaba ɗaya. Masu su kuma daga baya su je a buga musu ƙusoshi, wanda a faɗarsa aiki ne da bai kai tsawon shan shayi ba. Shi zai zama wakilin likita a Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, in abin ya kankama a ƙara da Madarunfa. Matarsa Rabi, wadda ta daɗe da sanin irin mijin da Allah ya ba ta, ta tambaye shi ko likitar ta san da wannan wakilci. Ya ce za ta sani.

Ya fara da maƙwabciyarsu Tsahara mai daddawa, tsohuwa 'yar ƙarama mai kaifin baki, wadda haƙoranta kan zame duk lokacin da take ciniki. Ta ciro ta miƙa masa ba gardama, ta ce in ya ɓatar da su za ta tare a gidansa. Daga nan ya hau kabu-kabu zuwa Jiratawa wajen Idirisa, tsohon mahauci, ƙaton mutum mai muƙamuƙi kamar na raƙumi. Idirisa ya ba da nasa, ya kuma kira wasu tsofaffin unguwarsu suka ba da nasu, don kowa ya ga yadda Illo ya gutsuri tsire bai ko rufe ido ba.

Mai wuya shi ne Alhaji Gado na Tsibiri, yayan Rabi. Alhaji Gado mutum ne mai nauyi, ba ya son wasa, ba ya kuma son Illo sosai. Haƙoransa na sama har da na zinariya guda, wanda ya sa aka saka masa shekarar da ya sauke farali. Ga kuma auren 'yarsa Balkisu ya matso, shi ne waliyyi, shi zai ba da ita a gaban jama'a. Ya ce a bari sai bayan biki. Illo ya ce ai saboda bikin ne ya zo, don bai dace a ce Yaya Alhaji na tsakiyar magana a gaban surukai haƙori ya zame ba. Ya zaro rake daga aljihu ya ɓare. Alhaji Gado ya daɗe yana kallon raken, sa'an nan ya ciro haƙoran ya fara naɗe su a hankici, ya ce a ajiye nasa daban.

Illo ya warware hankicin ya mayar masa. Ya ce tun yana saurayi yake lodin kaya a tasha, buhun gero dubu in ya gani ya san mai kowanne, bai taɓa ba wani kayan wani ba. Haƙori kuwa ai fuska gare shi. Ya jefa na Alhaji cikin kwanon samira tare da na sauran, ya rufe, ya ɗaure da ƙyalle. Tun daga Tsibiri har Maraɗi kwanon ke kaɗawa a bayan kabu-kabu, ɗan kabu-kabun ya tsaya sau biyu yana duba ko wani abu ne ya kwance a mashin.

Washegari da hantsi Illo ya shiga kilinik da babbar riga, ya ajiye kwanon a kan teburin Likita Salima, ya buɗe. Ta leƙa ciki. Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, waɗannan na su wane ne?"

"Na jama'a ne, 'yata. A yi musu gurbi, kamar nawa."

"To ina bakunan?"

"Bakunan na gida."

Ta zauna ta yi masa bayani a hankali, kamar yadda ta taɓa yi masa tun farko. Ƙusa ake fara dasawa, gurbi kuma a kan ƙusar ake auna shi, ba a yin sa da ka. Kafin ƙusa sai an ga mutum, an ga ko ƙashinsa zai ɗauka, an duba suga da hawan jini, don ba kowane baki ne ke karɓar ƙarfe ba. Bayan an dasa kuma sai an jira watanni. Ta ce ya mayar wa mutane kayansu a ranar, duk mai so ya zo da ƙafarsa a ba shi randebu, wato ranar da za a duba shi.

Illo ya ce dama haka ya yi tunani, ya zo ne ya ji ko ra'ayinsu ya zo ɗaya. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya tambaya, a matsayin zance kawai, ko likita na iya duban haƙori ta san na wane ne. Ta ce tana iya gaya masa na sama da na ƙasa, sauran kuwa sai masu su sun zo an gwada. In ya rikice ne ya kawo su duka, ita za ta raba musu. Illo ya yi dariya ya ce shi da rikicewa, ai ba a tasha aka haife ta ba.

A gida ya shimfiɗa tabarma a ɗakinsa, ya zazzage kwanon. Haƙora suka baje suna kallonsa. Ya ɗauki wannan ya juya, ya ɗauki wancan. Babu wanda ya yi kama da kowa. Na zinariya dai na Alhaji ne, amma wanne ne abokinsa na ƙasa, Allah masani. Da ya natsu sai ya ga akwai ɗan abin kamawa: na masu cin goro sun yi ja, na masu taba sun yi baƙi-baƙi, na Tsahara kuma in an shinshina ana jin daddawa. Ya jera su bibbiyu gwargwadon launi, ya ce gobe zai ƙarasa.

Goben ta zama jibi, jibin ta zama mako. Duk wanda ya tambaya, Illo ya ce haƙora na layi wajen likita, aikin da yawa, har daga Zandar ana kawowa. Tsahara ta cika alkawarinta, ta kawo kujerarta da tiren daddawarta ta kafa a ƙofar gidan Illo tun safe. Tsofaffin Jiratawa suka fara zuwa jin labari, in sun zo kuma sai an ba su abinci, abincin kuma sai wanda ba a taunawa. Rabi ta dama kunu har hannunta ya yi kanta. Alhaji Gado bai zo ba, saƙo ya aiko cewa tunda aka karɓi haƙoransa bai fita gaisuwa ko ɗaya ba, kuma ɗaurin aure ranar Asabar ne.

Rabi ta ce wa mijinta ya fito ya faɗi gaskiya, ya ɗebi mutanen nan a mota ɗaya ya kai su wajen likita a raba musu. Illo ya ce ita mace ce, ba ta san yadda ake riƙe jama'a ba. In ya mayar da kaya yadda ya karɓo su, za a ce likita ba ta yi komai ba. Dole a ga alamar aiki. Da Rabi ta fita kai niƙa, ya ɗauko robar jabel, ruwan nan mai sa tufa fari, a bayan ɗaki, ya tsiyaya a kwano, ya zuba haƙoran duka ya bar su suka jiƙa.

Da ya ɗauraye su sai ga su fari fat, suna ƙyalli. Illo ya ji daɗi ƙwarai. Sai da ya zo jera su ya gane abin da ya yi. Jan goro ya tafi, baƙin taba ya tafi, daddawa ta tafi. Duk sun zama 'yan uwa ɗaya.

Ranar Alhamis ya fito da kwanon zai tafi rabo, Tsahara ta tare shi a ƙofa. Don ya shirya zuciyarta, ya ce mata likita ta yi wa haƙoran gyara sosai, mai yiwuwa ba za ta gane nata ba, gurbin kuma a ɓoye yake, ido ba ya ganinsa. Tsahara ta ce to, ta sa hannu a kwano ta motsa kamar mai zaɓen tumatir, ta ɗauko mai zinariya.

"Inna, wannan na Alhaji ne."

"Kai ka ce ta yi gyara. Ga gyaran."

Ta cusa shi a baki tare da wani na ƙasa da ta ga dama. Ya yi mata yawa, leɓenta bai iya rufuwa ba, amma hakan ya sa zinariyar ta fi fitowa. Kafin Illo ya sami abin cewa, wata mata mai wucewa ta durƙusa ta ce sannu Hajiya, yaushe aka dawo. Tsahara ta amsa da cewa Allah ya kai kowa, ta ɗauki tirenta ta yi gaba.

A Jiratawa rabon bai ɗauki lokaci ba, don Illo ya rufe ido ne ya riƙa miƙawa. Idirisa ya sami na ƙasa ɗan mitsitsi, da kyar ya zauna a gaban dasashinsa, ya matse kamar takalmin yaro. Illo ya ce likita ce ta rage shi don ya kama ƙusa da kyau in an buga. Wani ya ce nasa na yawo, Illo ya ce an buɗa shi ne don a bar wa ƙusa wuri. Wani ya sami na sama guda biyu, Illo ya ce sabon tsari ne, ya juya ɗayan. Duk suka yi godiya gwargwadon yadda bakinsu ya bari.

Abin da ya rage a kwano shi aka kai wa Alhaji Gado: na sama ƙarami, na ƙasa ƙato. Alhaji ya tambayi zinariyarsa, Illo ya ce tana wajen gogewa, za ta biyo baya. Alhaji ya saka. Haɓarsa ta turo gaba, leɓensa na sama ya shige ciki, ya koma kamar mai fushi da duniya baki ɗaya. Ya buɗe baki zai yi magana sai fito ya fita. Illo ya ce haka nasa ma ya yi da farko, kafin Asabar zai saba, ya yi sallama da sauri.

Asabar da safe ƙofar gidan Alhaji Gado ta cika. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, an ajiye tiren goro da dabino a gaban liman. Angon ɗan Jiratawa ne, jikan Idirisa, don haka Idirisa ne wakilinsa, kuma tsofaffin unguwarsu duk sun rako shi. Suka jeru a sahun gaba, kowa da irin yadda bakinsa ya karkace. Mutanen da ke kusa suka fara shinshina, wani ya ce wurin na warin asibiti. Illo, wanda ya zauna kusa da liman ba tare da an gayyace shi nan ba, ya ce warin aikin likita ne, duk wanda aka yi wa aiki mai kyau haka yake yi.

Liman ya yi addu'a, aka ambaci sadaki, ya juya wajen wakilin ango ya ce ya nemi aure. Idirisa ya gyara zama ya yi magana. Abin da ya fito bai yi kama da Hausa ba, bai kuma yi kama da Larabci ba. Liman ya ce ya maimaita. Ya maimaita, wani daga baya ya ce kamar ya ji an ambaci akuya. Liman ya ce to a ji ta bakin waliyyi.

Alhaji Gado ya share murya. Sunan 'yarsa ya fara ambata, da ya kai ƙarshen Balkisu sai fito ya tashi mai tsawo, har wani ɗan kabu-kabu da ke bakin hanya ya juyo ya tambaya ina za a. Alhaji ya sake gwadawa da ƙarfi. Yana cewa na ba da, na sama ya saki, ya faɗo cikin tiren goro.

Babu wanda ya yi dariya, saboda Alhaji Gado ba mutumin da ake yi wa dariya ba ne a ƙofar gidansa. Liman ya dubi tiren, ya dubi jama'a, ya ce aure ba ya ɗauruwa sai shaidu sun ji an nema an bayar, shi kuwa har yanzu fito kawai ya ji.

A nan ne Idirisa ya ƙura wa bakin Alhaji ido. Ya ciro ɗan mitsitsin da ke bakinsa don a fahimce shi, ya nuna da yatsa.

"Alhaji, wanga na ƙasa nawa ne. Ga inda ƙashin bijimi ya ɓantare shi."

Alhaji Gado kuwa idonsa na wani wuri. Tsahara ce ta sauko daga adaidaita da ƙullin daddawar biki a ka, tana gaisawa da mutane da baki buɗe, rana na dukan zinariya, yara na cewa sannu Hajiya. Alhaji ya ɗaga hannu ya nuna ta, ya juyo ya dubi Illo. Aka kira Tsahara, aka yi mata bayani, ta ce ita ba ta san zance ba, likita ce ta yi mata gyara, ga wakilin likita nan a tambaye shi. Ta ƙara da cewa tunda ta saka shi daddawarta ke ƙarewa kafin azahar, ba ta ga dalilin cirewa ba.

Illo ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya ce jama'a su kwantar da hankali, babu wani ruɗani, kowa da nasa a bakinsa. Abin da ke faruwa shi ne likita ta gyara haƙoran zuwa zamani, bakunan ne suka rage a da. In da aikinta bai yi ba, ai da ba su yi wannan fari ba, da kuma ba a ji wannan ƙamshin magani ba.

Daga cikin zaure, inda mata ke tsaye suna leƙe, muryar Rabi ta fito, ba da ƙarfi ba, tana amsa wa mijinta.

"Malam, ba magani ba ne. Jabel ɗina ne, wanda nake wanke makewayi da shi. Tun Laraba nake neman robar."

Liman bai ba da umarni ba, ba a kuma jira shi ba. Sahun gaba gaba ɗaya ya sa hannu a baki. Tsahara ce ta riga kowa, zinariyar ta faɗo a tabarma tana juyi. Aka kawo babbar roba da ruwa, aka zuba duka a ciki, aka ɗauraye, aka canza ruwa, aka sake ɗaurayewa. Tsofaffi suka kewaye robar suna kurkure baki.

Illo bai zauna ba. Ya ce wannan duk yana tabbatar da maganarsa ne, matsalar rashin ƙusa ce. Don jama'a su gani da idonsu, ya ciro nasa na ƙasa, ya ajiye a bakin robar, ya buɗe baki yana zagaya rumfa yana nuna ƙusoshinsa biyu ga duk wanda bai kau da kai ba. Mai canza ruwa ya ga haƙori a gefe, ya tura shi ciki tare da 'yan uwansa.

Rabon ya ɗauki lokaci, amma ya yi kyau, don kowa ya san bakinsa. A ɗauka, a gwada, in bai zauna ba a ɗauraye a miƙa wa na kusa. Idirisa ya sami nasa ya taune iska sau biyu ya ce yauwa. Alhaji Gado ya mayar da zinariyarsa mazauninta, fuskarsa ta koma yadda aka san ta. Idirisa ya nema, Alhaji ya bayar, kowa ya ji, aka shafa fatiha. Da aka gama Alhaji ya juyo ya ce wa Illo, a gaban liman da surukai, daga yau in ya zo gidan nan ya tsaya a waje ya yi sallama, kuma ko butar alwala kada wanda ya ba shi riƙo.

Aka kawo tuwon shinkafa da naman rago. Illo ya je robar ya laluba, ya sami na ƙasa guda ɗaya da ya rage, ya saka ya danna. Bai ce ƙas ba. Ya ciro ya duba, babu gurbi. Aka yi cigiya, aka gano wani tsoho mai suna Tanimu, ɗan Jiratawa, mai nauyin kunne, wanda ba ya son hayaniya, ya ɗauki na farko da hannunsa ya taɓa ya hau kekensa ya tafi tun kafin fatiha. Illo ya zauna a gefen rumfa da ƙusa biyu a baki, yana tsotsar romo, yana kallon Tsahara na cin tsoka.

A tasha ya gaya wa direbobi, da hannu a kan baki, cewa mutanen Jiratawa sun roƙe shi aron haƙoransa don su nuna wa dagacinsu. Bai je neman su ba, don bai ga fuskar da zai shiga garin da ita ba tukuna.

Tanimu ne ya zo da kansa, da hantsi, a kan keke. Ya yi sallama, Illo ya fito, Rabi ta tsaya a bayan ƙyaure. Tsohon ya zaro ƙullin takarda daga aljihu, ya ce tun a hanya ya gane ba nasa ba ne, amma bai so ya mayar wa mutum kayansa da aibi ba. Shi mai faci ne, rayuwarsa duk a bakin titi ya yi ta yana facin taya da tankin mashin. Ya duba ya ga huji biyu a cikin haƙoran, har da wata 'yar roba da ta maƙale a ciki. Ya ƙwaƙule robar, ya cike hujin da gam ɗin da ake like tanki da shi, ya goge da zarto.

"Yanzu ko ruwa ba ya shiga," in ji Tanimu. "Kada ka yi godiya, don Allah na yi."

Illo ya juya haƙoran. Wurin ya yi sumul, babu alamar an taɓa yin gurbi. Ya miƙa wa Tanimu nasa, ya ɗora wannan a baki ya danna. Ya hau kan ƙusoshin yana lilo, in ya danna dama hagu ta tashi. Tanimu ya ce a gani. Ya kama haɓar Illo ya juya ta wajen rana, ya ciro haƙoran, ya leƙa ciki da kyau, ya gyaɗa kai.

"Ga abin da ke hana shi zama. Ƙusa ce guda biyu ta shige maka a dasashi, ban san yadda aka yi ba ka ji ba. Ka tsaya nan, filayata na kan keke."

Illo ya yi ƙoƙarin bayani, amma Tanimu ba ya ji, ya riga ya juya yana kwance jakar kayan aiki. Da ya dawo da filayar a hannu, ƙofar gida babu kowa sai Rabi. Ta ce masa maigidan ya fita ta katangar baya, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, ta kuma ji yana tsayar da kabu-kabu yana cewa kilinik. Tanimu ya ce ba komai, shi ba ya sauri. Ya jingina kekensa, ya zauna a kan dakali da filayar a cinya, ya ce zai jira.